Ranar da Firjin Janbako Ya Yi Shiru

Da sunan Allah ake buɗe magana, Wanda babu shirun da ke ɓoye Masa labari. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Zakariyya ɗan Malam Wakili haifaffen Talata Mafara ne, daga gidan da aka sani da karatu tun kaka da kakanni. Zauren mahaifinsa ba ya rabuwa da magidanta masu ɗaukar darasin fiƙihu da nahawu, tun daga hantsi har rana ta karkata. Mahaifiyarsa ta rasu yana rarrafe, sai renonsa ya faɗa a hannun yayarsa Husaina, wadda ita ma a lokacin ba ta gama mallakar hankalin kanta ba. Ita ta goya shi, ita ta dama masa koko, ita ta zauna a kansa lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi. Saboda haka har ya yi gemu bai taɓa kama sunanta ba, Yaya yake ce mata. Ita kuwa Auta take kiransa, ko da a gaban abokan aikinsa ne.

Ya sauke Alƙur'ani, ya ɗauki abin da Allah Ya hore masa na fiƙihu a gaban mahaifinsa, sannan ya bi boko har ya karanci ilimin kwamfuta. Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ba a taɓa lissafa shi cikin masu kaifin ƙwaƙwalwa na ajinsu ba. Abin da aka shaide shi da shi haƙuri ne, da tsoron ya zama sanadin wahalar wani. Husaina ta yi aure a Damaga, cikin ƙasar Maradun, gidan wani manomi mai suna Falalu, mai gonar gyaɗa da gero da 'yan tumaki. Tsakanin Falalu da ƙanin matarsa akwai wasa mai yawa. Duk lokacin da Falalu ya shigo gari sai ya tambaye shi ko akwatin da yake yi wa wa'azi kullum ya musulunta, Zakariyya kuma ya ce masa ya ci gaba da surutu, ranar da ya ga dama zai zo da babur ya ɗauke yayarsa ya bar shi da tumaki su dafa masa tuwo.

Aikin da Zakariyya ya samu a wata ƙungiyar taimako ne ta 'yan ƙasa, wadda ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a wasu ƙauyuka tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Kowane ɗaki yana da firji mai aiki da hasken rana, kuma mafi daraja a cikin abin da ake ajiyewa ciki ita ce allurar dafin maciji, irin ta ruwa wadda ba ta jure zafi. Idan zafi ya daɗe a kanta ƙarfinta yakan tafi, alhali kwalbar tana nan kamar yadda take. A jikin kowane firji an liƙa wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, an ɗora mata eriya a kan dogon ƙarfe bisa rufi, ta yadda takan kamo sabis a inda wayar hannu ba ta kamawa.

Da farko da hannu yake shiga kowace na'ura daga ofis. Zai kira ta ta intanet, ya jira ta nemi kalmar sirri, ya ba ta, ya jira ta buɗe masa, sannan ya tambaye ta sanyin firji da yawan allurar da ma'aikacin wurin ya shigar. Da ƙauyukan suka ƙaru, sai ya rubuta jerin umarnin da masu sana'ar ke kira sikirif, wanda ke yi masa wannan zagaye safe da yamma ba tare da ya sa hannu ba. Sikirif ɗan aike ne marar tunani. Abin da aka rubuta masa shi yake yi, abin da aka manta kuwa ba zai tambaya ba. A kowane mataki yana da wa'adin jira na 'yan daƙiƙoƙi, kuma ɗabi'ar wannan kayan aiki ita ce, idan wa'adi ya cika ba a amsa ba, mai rubutu kuma bai faɗa masa abin da zai yi ba, to ba ya tsayawa, ba ya kai ƙara. Wucewa yake yi zuwa layi na gaba kamar an amsa masa. Sai ya miƙa kalmar sirri ga wanda bai nema ba, ya yi tambaya inda babu mai ji, ya dawo hannu wofi.

A rubutunsa na farko, duk ƙauyen da ɗan aiken ya dawo daga gare shi hannu wofi, sunansa yakan koma ja a fuskar kwamfuta. Da rani abin ya yi daidai. Da damina ta kankama, sabis ya shiga zuwa da ɗaukewa, sai fuskar ta riƙa yin ja kusan kullum, kuma duk jan da ya bayyana dole a tura mutum ya gano. Wanda ake turawa shi ne Ɗayyabu, mai babur na ƙungiyar, magidanci mai iyali. Wata rana aka tura shi wani ƙauye bayan Garbadu, ya ci karo da mutanen da ba a son haɗuwa da su a hanya. Suka karɓe babur da waya, suka karya masa haƙarƙari, ya dawo da ƙafa yana jan numfashi. Da aka bincika daga baya, firjin da aka tura shi dominsa lafiyarsa ƙalau, sabis ne kawai ya yi gardama a safiyar.

Zakariyya ya je duba shi ya dawo bai iya cin abinci ba. Ya zauna gaban kwamfutarsa yana neman hukuncin da zai yi wa shiru, sai ya koma ga abin da ya tashi da shi a zauren mahaifinsa. A can ya koyi cewa ruwan da aka san tsarkinsa yana nan a kan tsarkinsa har sai an ga abin da ya canza shi, kuma ba a zubar da randa saboda zato. Ya ga wannan shi ne adalci ga firji, kuma shi ne rahama ga Ɗayyabu. Sai ya gyara rubutun: idan ɗan aike ya dawo hannu wofi, a bar wa ƙauyen hukuncinsa na ƙarshe, da sanyinsa da yawan allurarsa da launinsa. Abin da bai lura da shi ba shi ne, lokacin da ke bayyana a gefen sunan kowane ƙauye lokacin fitar ɗan aiken ne, ba lokacin da firji ya amsa ba. Daga ranar fuskar kwamfutar ta zama kore shar, kowane ƙauye da kwanan watan yau a gefensa. Kowa a ofis ya sami natsuwa, har Malama Nusaiba, shugabar ma'aikatan jinya, ta ce ya ɗauke musu nauyi.

Daminar da ta biyo baya allurar ta yi wuya ko'ina. Abin da ƙungiyar ta samu ta raba shi gida biyu, rabi a ɗakin da ke wani ƙauye kusa da Janbako, rabi a na gefen Bakura, ma'ajiyar cikin gari kuwa ta zauna wayam ana jiran sabon kaya. Cikin wannan hali ne, wata Laraba da hantsi, wayar Zakariyya ta yi ƙara. Falalu ne. Bai yi sallama ba, bai tambayi Malam ba, bai tambayi gajiya ba, kuma tun daga nan Zakariyya ya san ba lafiya ba.

"Zakari, kububuwa ta sari yayarka cikin gyaɗa. Ƙahwar ta hau, kuma miyaunta da jini. Ina za mu kai ta?"

Zakariyya ya dubi fuskar kwamfuta. Janbako kore, da kwanan watan yau, da sanyi daidai, da allura isasshiya. Ya ce su kama hanyar Janbako ba tare da ɓata lokaci ba, kada su ɗaure ƙafar, kada su tsaga. Daga Damaga hanya ɗaya ce har zuwa wata mararraba a kan tudu, gindin wata tsamiya, inda ta rabu biyu: hagu zuwa Janbako, wadda ke kusa, dama kuma doguwar hanya mai rafi da laka zuwa ɓangaren Bakura. A wannan tudun ne kaɗai waya ke kama sabis bayan an bar gari, don haka ya ce wa Falalu in sun kai can ya kira shi ya ji yadda jikin yake.

Malama Nusaiba ta ji komai daga teburinta. Ta taso ta ce dafin kububuwa sau da yawa ba ya jin kwalba ɗaya, ya tabbatar mata yawan da ke can kafin su isa, domin ta kira ma'aikacin wurin wayarsa ba ta shiga, kamar yadda ta saba. Ya ce ga shi nan a rubuce. Ta ce ta gani, amma tunda Yaya ce, ya shiga da hannunsa ya gani da idonsa.

Ya kira na'urar Janbako da hannu, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya jira ta nemi kalmar sirri. Ba ta nema ba. 'Yar alamar rubutu tana ta ƙyaftawa a baƙin allo, babu abin da ya biyo ta. Ya katse ya sake, haka. Ya gaya wa kansa sabis ne, yanzu zai dawo, ai da safen nan ta amsa. Sai ya saki sikirif ɗin a kan Janbako ita kaɗai, ya buɗe shi yadda zai ga kowane mataki. Ya zuba ido yana kallon ɗan aikensa ya jira, wa'adi ya cika, ya miƙa kalmar sirri cikin iska, ya jira, ya yi tambaya, ya jira, ya dawo. Sannan a fuskar kwamfuta sunan Janbako ya ƙara sabunta, kore, da lokacin yanzu a gefensa.

Nan take ya buɗe bayanan kwanakin da suka wuce. Ya koma baya yana duba sanyin da aka rubuta wa Janbako jiya da shekaranjiya da kafin nan. Lamba ɗaya ce ba ta motsa ba, a ranar da aka yi zafi da ranar da aka wuni ana ruwa. Ya ci gaba da komawa baya har ya kai inda lambar ke hawa da sauka kamar ta firji mai rai, sai ya ga amsa ta ƙarshe ta gaskiya ta zo ne kafin babbar iskar da ta kwashe rufin mutane makonnin baya. Tun daga ranar Janbako ba ta ce komai ba, shi ne yake magana a madadinta, kuma da wannan maganar ya aika da yayarsa.

Ya gaya wa Malama Nusaiba da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Ba ta zarge shi ba, babu lokacin wannan. Ta tambaye shi ko na Bakura ma haka ne, ya ce bai sani ba, yanzu babu koren da zai iya rantsuwa a kansa. Ta ce to ya sani, kafin su kai tsamiya.

Ya buɗe rubutun. A kowane wurin jira ya ƙara reshe biyu da ya kamata a ce suna nan tun farko: abin da za a yi idan wa'adi ya cika ba a amsa ba, da abin da za a yi idan layin ya yanke gaba ɗaya. A duka biyun ɗan aiken zai tsaya nan take, ya rufe layin, ya faɗi a wane mataki aka yi masa shiru, kada ya kuskura ya wuce gaba. Ya tsawaita wa'adin, domin sabis ɗin damina mai nawa ne, kuma wanda ya yi jinkirin amsa daban yake da wanda ba ya nan. Ya sa ya riƙa sake gwadawa kaɗan kafin ya yanke ƙauna, sannan ya wuce ƙauye na gaba. Ya cire lokacin fitar ɗan aike, ya maye gurbinsa da lokacin amsa ta ƙarshe. Sau biyu ya yi kuskuren rubutu saboda gaggawa, sikirif ɗin ya ƙi tashi, ya koma yana neman inda ya bar alamar baka a buɗe cikin rubutun, alhali idanunsa sun cika da ruwa har haruffa na narkewa.

Cikin haka Malam Wakili ya shigo. Labari ya riske shi a zaure, ya sallami masu karatu ya tako da ƙafa har ofis, wurin da bai taɓa zuwa ba. Ya yi sallama, ya tsaya a bayan ɗansa yana duban allon da ba ya iya karantawa. Zakariyya bai ɗago ba, ya faɗa masa abin da ya faru a taƙaice, har da dalilin da ya sa ya bar wa shiru hukuncin lafiya. Malam ya ce:

"A ruwa aka faɗi haka. Amma wanda ya yi alwala ya shiga shakkar ko ta warware, mu a mazhabarmu sakewa shikai kahin ya tsaya gaban Ubangijinsa. Yi aikinka, ni zan yi nawa."

Ya nemi wuri a kan tabarmar sallah da ke kusurwa ya zauna da carbinsa.

Zakariyya ya ƙara launi na uku, ruwan toka, ya rubuta a jikinsa: ba a sani ba. Ya saki sikirif ɗin. Ƙauyuka suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, wasu kore na gaskiya, wasu toka. Da ya zo Bakura, na'urar ta nemi kalmar sirri, aka ba ta, sai ta yi shiru har wa'adi ya cika. Wannan shirun yana da ɗan haske a cikinsa, domin wadda ta nemi kalmar sirri tana da rai. A gwaji na gaba ta daɗe har Zakariyya ya fara cizon leɓe, sannan ta buɗe, ta ba da sanyi daidai da allura isasshiya, da lokacin da agogon bango ke nunawa. Janbako kuwa a kowane gwaji tun a ƙofar farko ake yin shiru, ko kalmar sirri ba a kai ga nema ba.

Ya san ma'anar wannan ba ta wuce ɗayan biyu ba. Na'urar da firjin batir ɗaya suke sha. Idan tsawa ko iska ta kashe batir, to firjin ya mutu tun ranar, kuma allurar ta kwana ta wuni cikin zafi tsawon makonni. Idan kuwa eriya ce kawai ta sami matsala, firjin na nan yana aikinsa, magani na nan da ƙarfinsa, tafiya kaɗan daga inda yayarsa za ta tsaya. Daga kujerar da yake zaune babu hanyar da zai bambance su. Ya juya ga Malama Nusaiba kamar mai roƙo. Ta ce idan suka je Janbako suka tarar allurar ta lalace, kafin su dawo mararraba su ci rabin hanyar Bakura la'asar ta wuce, kuma kowa ya san ba a bin doguwar hanyar bayan la'asar saboda ɓarayin daji, dole su kwana, jinin da ya ƙi daskarewa kuwa ba ya jiran wayewar gari. Idan suka bi Bakura, za ta sha jijjiga da tsallake rafi, dafin zai ƙara cin ƙafar, amma akwai abin da ke jiranta a can.

"Ni abin da dahi ke yi wa jiki na sani," in ji ta. "Halin da firji ke ciki kai za ka faɗa."

Ya sake sakin ɗan aiken a kan Janbako, ya ƙara masa wa'adi har ya wuce hankali, yana cewa a ransa ko da kalma ɗaya ce ta fito. Yana cikin kallon alamar na ƙyaftawa wayar ta yi ƙara.

Falalu ya ce sun kai tsamiya, ya ɗaura ta a bayansa da rawani, maƙwabcinsu na biye da wani babur. Ta yi amai da jini sau ɗaya amma tana magana. Za su gangara hagu yanzu. Zakariyya ya ce kada su gangara, su bi dama, su tafi Bakura. Sai Falalu ya ce:

"Ɗazu kai da bakinka ka ce Janbako."

"Ɗazu na faɗi abin da ban tabbatar ba. Na'urar can ta daɗe ba ta amsa ba, ban gane ba sai yanzu."

"To maganin ya lalace ne ko bai lalace ba?"

"Ban sani ba, Yaya Falalu."

"Ba ka sani ba. Ga kukokin Janbako ina hange daga nan, kai kana zaune ƙarƙashin fanka kana ce min in ɗauki mace mai zubar jini in ratsa rafi da ita a kan ba ka sani ba."

Zakariyya ya ƙara manna wayar a kunnensa. Ya ji motsi, ya ji ana cewa a ba ta, sai ga muryar Husaina, ta yi nauyi kamar mai magana da abu a baki.

"Auta, mi ka sani?"

"Bakura na sani, Yaya. Yanzun nan ta amsa min, maganin na nan da sanyinsa. Janbako ban sani ba."

Ta yi numfashi mai tsawo. Ta ce su tafi inda ya sani, ta ce a gaida Malam, a ce ya sa ta a addu'a. Falalu ya karɓi wayar, ƙarar babur ta tashi, layin ya mutu.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsawon wunin da Zakariyya ya taɓa gani. Malama Nusaiba ta samu ma'aikacin Bakura da ƙyar, ta ce ya shirya. Aka kira azahar, Zakariyya ya bi mahaifinsa sallah bai san abin da ya karanta ba. Ya dawo ya tarar ɗan aiken na ta komawa Janbako yana dawowa da toka, shi kuma ya kasa hana shi, ya kuma kasa sanin abin da yake fata. Idan ta amsa da kore, ya tura yayarsa doguwar hanya a banza. Idan ta ci gaba da shiru, bai san komai ba fiye da ɗazu. Hadari ya haɗu ta gabas bayan la'asar, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa, yana tuna rafin. Ya kira Falalu ba adadi, kullum a ce ba a samunsa.

Rana ta yi ja kafin ma'aikacin Bakura ya kira. Sun iso. Rafin ya kawo, sai da wasu masu noman shinkafa suka ɗauke ta a kafaɗa suka tsallakar, kuma tun kafin nan ta daina amsa magana. An sa mata allurar, ana jira a ga ko jinin zai daskare. Malam Wakili ya miƙe, ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya ce wa ɗansa su tafi gida.

Washegari jinin ya fara kamawa bayan an ƙara mata wata kwalbar, ta buɗe ido ta nemi ruwa. Aka kawo ta asibiti cikin gari, inda aka ga naman ƙafar ya riga ya mutu daga gaba. Likitoci suka ceci diddige da tafin, amma yatsun da wani sashe na gaban ƙafar sai da aka cire. Ta rayu, kuma ba za ta sake bin kunya da fartanya ba.

Ranar kasuwar Janbako ta zagayo, Ɗayyabu ya bi ayarin motocin 'yan kasuwa ya je ya gano. Ya tarar iska ta karya ƙarfen eriya ya kwanta a bayan ɗakin cikin ciyawa. Firjin kuwa yana ta gurnaninsa, da sanyinsa kamar ƙanƙara, kwalaben allura a jere babu abin da ya same su. Ɗayyabu ya dawo ya rasa yadda zai faɗa, sai ya gaya wa Malama Nusaiba, ita ta gaya wa Zakariyya. Ta ce babu wanda ya sani a wajen ofis, kuma babu dole wani ya sani. Ya ce zai faɗa wa yayarsa da mijinta da kansa.

Ya same su a gidan Malam, inda Husaina ke jinya a ɗakin da ta girma. Falalu na zaune a bakin ƙofa yana ɓare mata gyaɗa. Zakariyya ya durƙusa ya faɗa musu kamar yadda abin yake, bai rage ba. Falalu ya ajiye kwanon gyaɗar, sannan ya tambaye shi, da sun bi hagu, da ƙafar na nan? Zakariyya ya riga ya yi wa Malama Nusaiba wannan tambayar, ta ce babu mai iya yanke hukunci, amma saurin samun allura yana rage ɓarna. Ya ce mai yiwuwa ne da tana nan. Falalu ya ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, ya tashi ya fita zaure. Tun daga ranar gaisuwa ce cikakkiya tsakaninsu, da tambayar gida da aiki da gajiya, ba a tsallake ko ɗaya, kuma ba a wuce nan.

Zakariyya yana nan a bakin aikinsa har yau. Bai mayar da rubutun yadda yake ba, kuma bai koma tura mutum kan kowane shiru ba. Idan toka ta wuce wuni a kan ƙauye, yakan je tasha da kansa ya ba direbobin ranar kasuwa saƙo su duba masa ƙarfen da ke bisa rufi. Ya rame, kuma ya rage zama cikin mutane.

Ranar da ya kai musu labarin, bayan fitar Falalu, ya zauna a ƙasa kusa da katifarta yana kallon ƙafar da aka naɗe da bandeji. Husaina ta bar shi ya yi kallonsa har ya ishe ta, sannan ta ce ya ɗauke idonsa daga nan, ba kasuwa ba ce. Ta nuna masa sandar da aka sayo mata a jingine da bango, ta ce wanda ya yanko ta ya zaci raƙumi zai dogara, ya kai wa kafinta ya rage mata tsawo, kuma ya tsaya a kansa kada ya rage fiye da kima. Ya taimaka mata ta miƙe a kan ƙafa ɗaya tana dafe da kafaɗarsa, ya gwada sandar da ƙugunta, ya sa farce ya yi alama a jikin icen. Ta koma ta kwanta tana haki, ya gyara mata matashi, ya ɗauki sandar ya fita.